Wakilin na'ura ya shigo ciniki: a duba takardar mabuɗi kafin a miƙa amana

Manyan kamfanonin kwamfuta da na katin banki sun fara fito da manhajojin da za su yi wa mutum sayayya, su biya kuɗi da sunansa. Kafin a sakar wa irin wannan wakili asusu, akwai wata manhaja mai tantance shi, kuma ita ma tana da takardun da ke bayanin yadda take aiki. Mun duba wasu daga cikin waɗannan takardu domin mu ga abin da suka faɗa, da abin da suka bari a duhu, da kuma abin da ya kamata ɗan kasuwa ya tambaya.

Jama'a masu karatu, babu ɗan kasuwar da ya isa ya kasance wuri biyu a lokaci guda. Mai shago a Babbar Kasuwar Maraɗi yana da yaron da ke je mishi Kano. Hajiya mai atamfa a Kasuwar Dole ta Damagaram tana da wanda ke ɗauko mata kaya a tasha. Mai hatsi a Tawa yana da dillalinsa, mai kayan gini a Katako ta Yamai yana da wanda ke tsaya mishi a Lome. Duk cinikinmu bisa wakilci yake tafiya, kuma kowa ya san cewa asarar da ake yi ta hannun wakili ta fi ta ɓarawon dare ciwo, domin kai da kanka ka ba shi mabuɗi.

To ga wani sabon wakili ya fito, wanda ba ya cin tuwo, ba ya barci, ba shi da uwa ko uban da za a kai wa ƙara.

Wane ne wannan wakili?

Da yawa daga cikinmu sun ji labarin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin kwamfuta irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, waɗanda ake yi wa tambaya su ba da amsa kamar mutum. Da farko magana kawai suke yi. Daga baya aka ba su hannu: su shiga intanet su nemi kaya, su gwada farashi, su aika saƙo, su cika takarda, har su biya. Irin wannan manhaja mai aikata abu a madadin mutum ita muke kira wakilin na'ura.

Masu kuɗi ba su tsaya kallo ba. A watan Afrilun 2025 kamfanonin Visa da Mastercard kowanne ya bayyana tsarinsa na barin wakilin na'ura ya yi biya da katin mutum. A watan Satumba na 2025 Google ya fito da nashi tsarin mai suna AP2, tare da kamfanoni sama da 60, cikinsu har da PayPal da American Express. Shi kuwa Alibaba na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwarmu da dama ke saro kaya, tun 2024 ya fito da Accio, manhajar da ke nemo wa mai saye masana'anta da kaya.

Wakilin yana da ƙoƙari, amma bai kai a sakar mishi ragama ba. A 2025 kamfanin Anthropic na Amurka ya ba da labarin wani gwaji da ya yi: ya damƙa wa manhajarsa ɗan ƙaramin shago a cikin ofishinsa na birnin San Faransisko na kusan wata guda. Manhajar ta iya nemo masu sayar da kaya, amma ma'aikata suka riƙa lallaɓa ta tana yi musu ragi, ta sayar da wasu kaya ƙasa da yadda ta saro su, har akwai lokacin da ta ce wa masu saye su biya cikin wani asusun da babu shi sam. A ƙarshe shagon faɗuwa ya yi. Duk mai shagon da ya taɓa ɗaukar yaro mai saurin yarda ya san wannan labari tun kafin a ƙare ba shi.

Mabuɗin aro

Idan za a aiki wakili irin wannan zuwa banki ko wani babban kanti na intanet, tambayoyi biyu ke tasowa a bakin ƙofa. Ta farko: wane ne kai? Ta biyu: wa ya aiko ka, kuma me ya ce ka yi? Manhajar da ke amsa waɗannan tambayoyi ita ce manhajar tantancewa.

Hanyar da aka fi bi a duniya sunanta OAuth. An tsara ta ne tun kafin zuwan wakilan na'ura, kuma fitowarta ta biyu, wadda ake amfani da ita, an wallafa ta a watan Oktoban 2012 a ƙarƙashin IETF, ƙungiyar injiniyoyin da ke shimfiɗa ƙa'idojin intanet. Hikimarta mai sauƙi ce. Maimakon ka ba wakili lambar sirrinka, wadda ke buɗe komi, sai kai da kanka ka je wurin mai tsaron ƙofa ka shaida mishi cewa ka yarda. Shi kuma sai ya yanka wa wakilin wani ɗan mabuɗi na aro, mai buɗe ɗaki guda, na wani lokaci ƙayyadadde. Duk wanda ya taɓa shiga wata manhaja ta hanyar asusunsa na Google ko Facebook, aka tambaye shi ko ya yarda ta ga sunansa da hotonsa, to ya bi ta wannan hanya ko bai sani ba.

Sai dai yawancin waɗannan mabuɗai suna da hali guda da ya kamata a sani: duk wanda ya riƙe su, shi ne mai su. Mai tsaron ƙofa mabuɗi yake dubawa, ba ya duba fuska. Kamar takardar kuɗi ce, idan jika goma ta faɗi daga aljihunka, wanda ya tsince ta zai kashe ta ba tare da an tambaye shi sunansa ba.

Me ya kawo maganar takarda?

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da takardun injiniyoyi? Ga inda ruwanmu yake. Manhajar tantancewa ba ta aiki ita kaɗai. Sai wani mai haɗa manhaja, ko a banki, ko a kamfanin aika kuɗi, ko wani matashi da aka ɗauka ya yi wa shago tsarin karɓar oda, ya zauna ya haɗa ta da asusun mutane. Wannan mai haɗawa bai san waɗanda suka ƙera manhajar ba, ba zai taɓa ganinsu ba. Abin da ke gabansa kawai shi ne takardun bayanin da suka rubuta. Idan takardar ta ce a rufe taga, zai rufe. Idan ta manta da maganar taga, a buɗe za ta kwana, kuma kuɗin da ke cikin ɗakin na mai shago ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ba zato ba ne. A watan Yulin 2012, ana dab da kammala takardar OAuth ta biyu, babban mai tace ta, Eran Hammer, ya janye sunansa daga aikin. Hujjarsa ita ce takardar ta yi sarƙaƙiya, ta bar abubuwa da yawa ga zaɓin mai haɗawa, ta yadda ƙwararre zai iya gina abu mai tsaro da ita, amma wanda bai goge ba zai gina rariya. Kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce a sayar maka da ita da sunan tulu.

Saboda haka ingancin takardar bayani wani ɓangare ne na ingancin mabuɗin kansa. Ga ma'aunan da muka ɗora waɗannan takardu a kai, kuma duk cikinsu babu wanda ɗan kasuwa bai saba da shi ba.

Na ɗaya: ta raba farilla da mustahabbi?

Takardar da ta jera umurni ba tare da ta nuna wanda ya fi wani nauyi ba, tana jefa mai karatu cikin ruɗu. Injiniyoyin intanet sun gane haka tun da wuri. A 1997 wani masani na jami'ar Habad mai suna Scott Bradner ya rubuta wata 'yar gajeruwar ƙa'ida da ta raba kalmomin umurni gida uku: abin da yake dole, abin da ya kamata a yi sai da ƙwaƙƙwaran dalili za a bari, da abin da aka bar wa mutum zaɓi. Ana rubuta waɗannan kalmomi da manyan baƙaƙe domin ido ya faɗa kansu. Wanda ya yi karatun zaure zai ce ai wannan farilla ce da mustahabbi da halal.

A nan takardun OAuth sun ci yabo, domin suna bin wannan tsari. To amma wannan tsarin ne kuma ke tona inda suka yi sassauci. Misali, a takardar 2012, sanar da wa'adin mabuɗi, wato bayan daƙiƙa nawa zai mutu, an sa shi cikin abin da ake so a yi, ba a sa shi cikin dole ba. Haka nan a ƙa'idar MCP, wadda Anthropic ya fito da ita a Nuwamban 2024 domin haɗa wakilan na'ura da sauran manhajoji, kuma OpenAI da Google suka karɓe ta a 2025, an bayyana cewa sashen izini gaba ɗayansa zaɓi ne ga mai haɗawa. Takardar ta faɗi gaskiya, ba ta ɓoye ba. Amma wannan yana nufin idan wani ya ce maka manhajarsa tana bin MCP, bai gaya maka tana da tsaro ba tukuna. Sai ka ƙara tambaya.

Na biyu: ta nuna iyakar wakili?

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da raba wakilci biyu: wanda aka sakar wa komi, da wanda aka keɓe wa aiki guda. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya sakar wa sabon yaro komi. Yakan ce mishi: je ka sayo buhu 20 na shinkafa, kada ka wuce farashi kaza, kada ka taɓa kuɗin da ke cikin akwati.

Takardar bayani mai kyau tana jera dukan izinin da ake iya ba wakili, ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi abin da kowanne ke buɗewa. Izinin duba saura kuɗi daban, izinin tura kuɗi daban, izinin ganin sunayen abokan ciniki daban. Kuma misalin farko da ta kawo ya kasance na ƙaramin izini ne. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin masu haɗa manhaja, kamar kowa, gaggawa suke yi. Misalin da suka tarar a shafin farko shi suke kwafewa su liƙa. Idan marubucin takarda, don ya nuna cewa manhajarsa tana da sauƙi, ya sa misalin da ke buɗe dukan ɗakuna, to haka za a kwafe shi a wurare dubu, kuma ba wanda zai koma ya rage.

A wannan fanni tsarin AP2 na Google ya zo da abin da ɗan kasuwa zai gane nan take. Kamar yadda aka fito da shi a 2025, yana aiki da takardun umurni masu sa hannu na na'ura wanda ba a iya sauyawa. Akwai ta niyya, inda mutum ke faɗin abin da yake so da iyakar farashi da lokaci. Akwai ta kwando, wadda ke ɗauke da ainihin kayan da aka zaɓa da kuɗinsu. Idan rigima ta tashi, sai a ɗauko takardun a ga ko wakili ya ƙetare iyaka. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, maganar rubuta bashi da kafa shaidu take yi. Ashe masu na'ura ma sun dawo kan rubutu da shaida.

Na uku: ta koya yadda ake karɓe mabuɗi?

Ɗaukar yaro ba wuya, sallamarsa ce aiki. Ranar da kuka ɓata, ko ranar da ya ce mabuɗi ya faɗi a tasha, me za ka yi kafin magariba? Wannan ita ce tambayar da muka fi ba nauyi, kuma a nan ne takardu da yawa ke yin laƙwas. Shafin fara aiki yakan kasance a gaba, da hotuna da alƙawarin minti biyar. Shafin soke mabuɗi kuwa sai an tona.

Ita kanta takardar OAuth ta 2012 ba ta shimfiɗa hanyar da manhaja za ta bi ta nemi a soke mabuɗi ba. Sai a watan Agustan 2013 aka fito da wata takarda dabam da ta cike wannan giɓi. Wanda ya karanta ta farko kaɗai ya rufe, ya koyi bayarwa, bai koyi karɓewa ba.

Abin da ya faru a watan Agustan 2025 ya nuna nauyin wannan magana. Akwai wata manhajar hira mai basirar na'ura da ake kira Drift, ta kamfanin Salesloft, wadda kamfanoni ke sa wa a shafunansu tana amsa wa masu saye. Domin ta yi aikinta, an ba ta mabuɗan aro na shiga rumbun bayanan abokan cinikin waɗannan kamfanoni da ke ajiye a Salesforce. Ɓarayi suka sace mabuɗan. Ba su fasa ƙofa ba, ba su nemi lambar sirrin kowa ba, da mabuɗi na gaskiya suka shiga, suka yi kwana goma suna kwasar bayanai, daga wajen 8 zuwa 18 ga wata. Masu binciken Google sun ce abin zai iya shafar ma'aikatu sama da 700, kuma manyan kamfanonin tsaron intanet irin su Cloudflare da Zscaler sun tabbatar da cewa ya shafe su. Maganin da aka yi a ranar 20 ga wata shi ne soke dukan mabuɗan gaba ɗaya. Idan masu sayar da tsaro da kansu abin ya ci su, to wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta sai ya shafa wa nashi ruwa.

Saboda haka takarda mai inganci sai ta faɗi, a wuri mai sauƙin gani: mabuɗi kwana nawa ko minti nawa yake yi, ina ake ajiye shi, wa ke iya soke shi, bayan an soke minti nawa yake ɗauka kafin ya daina aiki, kuma a ina mai asusu zai ga jerin duk abin da wakili ya aikata da sunansa.

Na huɗu: tana ɗauke da kwanan wata?

Mai sayar da madarar gwangwani ya san abin da ake fara dubawa a gindin gwangwani. Takardar bayani ma tana lalacewa. A takardar 2012 an halatta wata hanya inda mutum ke miƙa wa manhaja sunansa da lambar sirrinsa kai tsaye. A watan Janairun 2025 IETF ta fito da sabuwar takardar tsaro da ta ce kada a ƙara amfani da wannan hanya. Amma tsofaffin darussan da ke koyar da ita suna nan zube a intanet, da yawansu babu kwanan wata, babu gargaɗi. Matashin da ya faɗa kansu zai koyi abin da aka riga aka hana, yana ganin ya yi daidai.

A nan masu MCP sun yi abin koyi: kowace fitowa ta ƙa'idarsu sunanta shi ne kwanan watanta. Fitowar farko ta Nuwamban 2024 ba ta da sashen izini. Ta 26 ga Maris 2025 ta kawo shi. Ta 18 ga Yuni 2025 ta sake mishi fasali bayan ƙorafin masana tsaro. Wato cikin wata bakwai an taɓa maganar mabuɗi sau biyu. Wannan ya nuna ana gyara, ya kuma nuna cewa ginin bai gama bushewa ba. Duk wanda ya zo maka da manhaja, ka tambaye shi da wace fitowa ya yi aiki, kuma yaushe ya koma ya duba.

Wani sabon abu kuma shi ne yanzu ba mutane kaɗai ke karanta waɗannan takardu ba. Masu haɗa manhaja da yawa suna sa basirar na'ura ta rubuta musu aikin, ita kuma daga takardun da ta karanta take ɗauko misali. Tsohon kuskuren da aka bari a shafi guda yana iya yaɗuwa ta wannan hanya fiye da yadda ya yaɗu a da.

Na biyar: ta faɗi aibin kayanta?

A kasuwar dabbobi, dillalin da ya ce maka saniyar nan tana da tari shi ake koma wa baɗi. Takardar da babu komi cikinta sai yabon kai talla ce.

Akwai wata tsohuwar matsala da wani masanin kwamfuta, Norm Hardy, ya yi wa suna tun 1988: ruɗaɗɗen wakili. Wakili ne na gaskiya, mabuɗinsa na gaskiya, amma wani ya yaudare shi ya yi amfani da mabuɗin maigidansa don biyan buƙatar wani. Kamar a tare yaronka a hanya a ce mishi Alhaji ya ce ka ba ni buhu biyar. Wakilin na'ura ya fi ɗan Adam saurin faɗawa wannan tarko, domin yana karanta duk rubutun da ya tarar, a shafin intanet ko a cikin saƙo, kuma ba koyaushe yake bambance maganar maigida da maganar da ɓarawo ya ɓoye a cikin shafi ba. Tun 2022 masana ke gargaɗi kan wannan.

Manhajar tantancewa ba ta maganin wannan cuta gaba ɗaya. Tana tabbatar da cewa wakilin naka ne, ba ta tabbatar da cewa hankalinsa yana tare da shi. Takardar da ta faɗi haka a fili ta cancanci a yarda da ita. Fitowar MCP ta Yunin 2025 ta zo da shafi na musamman kan hanyoyin da ake kai hari, ta ambaci ruɗaɗɗen wakili da sunansa, ta kuma hana wata manhaja karɓar mabuɗin da ba don ita aka yanka ba ko miƙa shi gaba. Mafi kyawun kariya da takardu ke nunawa ita ce wadda kowane maigida ya sani: ƙananan abubuwa yaro ya zartar, amma idan kuɗi ya kai wani adadi, sai ya kira maigida ya ji daga bakinsa. A harkar na'ura, wannan yana nufin saƙo ya zo cikin salularka, ka ga kaya da farashi, ka amince da hannunka kafin kuɗi ya fita.

Na shida: idan an yi ɓarna, wa zai biya?

A 2022 wani fasinja a Kanada da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hira ta kamfanin jiragen Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Manhajar ta ce mishi ya sayi tikiti, daga baya ya nemi a mayar mishi da ragin. Ashe dokar kamfanin ba haka ta ce ba. Da aka je gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin Biritish Kolombiya, kamfanin ya nemi ya nuna cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta. A watan Fabrairun 2024 kotu ta ƙi wannan hujja, ta sa kamfanin ya biya mutumin sama da dalar Kanada 800. Kuɗin ba su da yawa, amma hukuncin ya yi daidai da abin da ake yankewa a gaban sarkin kasuwa: abin da yaronka ya faɗa a shagonka, kai ka faɗa.

Wannan hukunci takobi ne mai kaifi biyu. Idan kai ne ka sa wakilin na'ura yana amsa wa masu saye ko yana yi maka oda, ɓarnarsa tana iya dawowa kanka. Takardun injiniyoyi galibi ba su taɓa wannan magana, sukan bar ta ga wata doguwar takardar sharuɗɗa da lauyoyi suka rubuta da ƙananan baƙaƙe, wadda ake latsa mata "na yarda" ba a karanta ba. A ganinmu, bayanin da ya raba yadda abu ke aiki da wanda zai ɗauki asara bai cika ba.

Don wa aka rubuta?

Wani masanin rubutun bayani, Daniele Procida, ya raba takardun manhaja gida huɗu: darasi ga sabon shiga, jagora ga mai son yin wani aiki takamaimai, kundin da ake dubawa don neman ƙa'ida, da bayanin dalilin da ya sa aka yi abu yadda aka yi shi. Rabon yana da amfani, domin takardun tantancewa sukan yi ƙarfi a darasin farko da kundin ƙa'idoji, su yi rauni wajen bayanin dalili. Wanda bai san dalilin kulle ba, ranar da kullen ya dame shi zai cire shi.

To amma dukan huɗun nan don masu haɗa manhaja aka yi su, kuma kusan duka da Ingilishi. Matasanmu da suka yi karatu da Faransanci sai sun haura katanga guda kafin su kai ga ma'ana. Mai asusu kuwa, wanda kuɗinsa ne a ciki, abin da ake nuna mishi bai wuce ɗan allo guda mai tambayar ko ya yarda ba. Wannan ɗan allo shi ne takardar bayanin talaka, kuma shi ya fi cancanta a auna. Ya faɗi sunan wakilin? Ya faɗi abin da zai taɓa, da iyakar kuɗi, da ranar ƙarewa? Ya nuna inda za a latsa a fasa? Kuma da wane harshe?

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan wannan matsayi zai yi amfani a kasuwa, to ɗaya daga cikin wuraren da ya kamata a gan shi shi ne irin wannan allo, a rubuce da kuma a murya, domin da yawa daga cikin iyayenmu mata da ke juya kuɗi a kasuwa da saƙon murya suke ciniki. Mu da ke aikin rediyo mun san cewa abin da aka faɗa wa mutum da harshensa cikin minti guda ya fi zama a kansa bisa shafi goma da aka miƙa mishi.

Abin da ya rage gare mu

Waɗannan tsare-tsare daga Amurka suka taso, can ne kuma aka fara gwada su. Amma hanyar da za su biyo zuwa nan an riga an share ta. Kuɗinmu ya shiga salula, ta Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash, ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza. A ƙarshen Satumban 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI, mai haɗa bankuna da asusun salula domin kuɗi ya wuce nan take a ƙasashen da ke amfani da sefa na yammacin Afirka. Kuɗin da ke tafiya nan take yana da daɗi ga mai ciniki, amma idan ya tafi inda bai kamata ba, kafin ka ankara ya isa.

Saboda haka ranar da wani zai zo shagonka, ko ɗanka ne, ko wakilin wani kamfani, ya ce ga manhajar da za ta riƙa yi maka oda da biya, ba sai ka iya Ingilishi ba kafin ka auna shi. Ka ce ya buɗe takardar bayanin a gabanka, ya nuna maka da yatsa inda aka rubuta iyakar kuɗi, da inda aka rubuta wa'adi, da inda aka rubuta yadda za ka karɓe mabuɗinka cikin dare ba tare da ka nemi kowa ba, da kwanan watan takardar, da wanda zai biya idan an yi ɓarna. Ya fassara maka ɗaya bayan ɗaya. Idan ya nemi lambar sirrinka kai tsaye, maganar ta ƙare, domin an ƙirƙiro mabuɗin aro ne don kada a nemi wannan lamba. Idan ya ce takardar ba ta faɗa ba amma ka yarda da shi, ka tuna ba a cinikin biri yana sama.

Ga hukumominmu kuma, musamman hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP da masu sa ido kan bankuna da kamfanonin sadarwa, lokacin shimfiɗa sharaɗi shi ne yanzu, tun kayan ba su cika kasuwa ba: duk kamfanin da zai sa wakilin na'ura tsakanin mutum da kuɗinsa, ya kawo bayaninsa a fili, da harshen da mai kuɗin ke ji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu sana'a suna da bakin da za su nemi haka.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu da asara.